Littattafan da Kogi Ya Karanta

Dare uku kogin Werra ya kwana
a ɗakin karatun makarantarmu.
Da ya tashi ko sallama bai yi ba,
ya bar taɓo har gwiwa
da mushen kifi ɗaya a ƙarƙashin kujera.
Eckehard mai tsaron littattafai ya turo su a baro,
yana tafe yana goge tabarau,
wai ba kuka yake ba, yayyafi ne.

Uwar ɗakina, Wiltrud Haberkorn,
shekara arba'in da ɗaya tana ɗinkin littafi,
ta ɗaga na farko kamar jinjiri daga wanka,
ta sunsuna shi, ta ce,
"Tilman, kashe murhu.
Abin da ruwa ya kama, da lallashi ake karɓa."

Muka ja igiya daga taga zuwa ƙofa,
muka shanya Jamusancin kakanni
mai baƙaƙe masu ƙaya kamar shingen gona:
wasannin da sarki ke mutuwa a shafin ƙarshe,
waƙoƙin samarin da farin wata ya hana barci.
Duk girmansu, a kan takalmina suke ɗiga.

Sai guda biyu suka ƙi rabuwa.
Ɗaya tatsuniyoyin dajinmu ne, mai koren bango,
ɗaya labarin allolin Girka,
ya kumbura kamar burodin da aka manta.
Shekara sittin suna maƙwabtaka a kanta, ba gaisuwa,
dare uku kogi ya mai da su 'yan ciki ɗaya.

Ta zura wuƙar ƙashi a hankali,
numfashinta a riƙe.
Takarda ta yi ƙara irin ta busasshen ganye.
Ta tsaya.
"Idonka sabo ne. Karanta mini abin da ya fito."

Na karanta.
'Yar mai ƙona gawayi, wutarsu ta mutu a tsakiyar sanyi,
ta ɗauki kasko ta shiga daji roƙon garwashi,
ta wuce itace bakwai, ta wuce rijiyar da ke tari,
sai shafin ya ɓare.
A ƙarƙashinsa rana ce tsaka, da zaitun, da gishiri a iska,
ga tsohon ubangijin teku zaune a kan dutse,
ya nutsar da jirage goma tun kafin karin kumallo,
gemunsa na ɗigar kumfa.
Kuma a gefen bakinsa, inda tawada ta ratso,
kalmomin yarinyar ne kwance:
"Baba, ko kana da ɗan garwashi?"

Shi da jarumai ke yanka wa bijimai
don iska, don nasara, don kan abokin gaba,
ba wanda ya taɓa roƙonsa abu ƙanƙani haka.
Ya buɗe baki.
Nan takardu arba'in suka dunƙule kamar katako.

Wiltrud ta daɗe tana kallo.
Agogon coci ya buga huɗu, duhu ya fara leƙo taga.
Ta ajiye wuƙa, ta jawo zare da kakin zuma,
ta ɗinke su bango ɗaya,
ta saka farar takarda guda a inda amsar ta maƙale.

Da Eckehard ya zo ya juya shi gaba da baya.
"Wace lamba zan ba shi? Wace kanta?"
Ta ce, "Ta can sama.
Kogi ya ɗanɗana karatu, zai dawo."

Yanzu idan na kwanta a ɗakina na ƙarƙashin rufi
ina jin Werra na wucewa kamar bai san komai ba.
Yarinyar na nan tsaye da kaskonta,
ƙafarta ɗaya a ƙanƙara, ɗaya a yashi mai zafi.
Na fere fensir sau uku.
Har yau ban san me mai ruwa zai ce
da wadda ta zo neman wuta ba.