Ƙasa a Tafin Takalmi

Ƙarfe biyar na asuba, filin jirgin Auckland.
Jirgi ya zazzage mana mutane
kamar an kwance bakin buhu.
Ni ce a tebur na huɗu.
Sunana Hinewai, ga shi a ƙirjina, ba mai karantawa.

Ya baro masu duba fasfo yana jan akwati,
dattijo, Tek Bahadur, daga duwatsun Nepal.
An cike masa takardar bayyana kaya
da rubutun da ba nasa ba.

Abinci? A'a.
Iri, zuma, fata, itace?
Ya kaɗa kai har tambayoyina suka ƙare.
Karyarmu ta sansana akwatin ta yi gaba.
Ni kuwa idona ya sauka ƙafarsa.

Jar laka ta bushe a tsagin takalmin,
har da ɗan tsinken ciyawa.

Dokarmu ce: ƙasar wata ƙasa ba ta shiga tamu.
Dunƙule ɗaya na iya ɓoye cutar da za ta ci daji.
Na sani. Na ci jarrabawa a kai.

Na nuna, ya tuɓe ba musu.
Ya tsaya da safa a kan sanyin daɓe,
ɗaya an ɗinke dugaduginta da shuɗin zare.

Famfo, buroshi, magani.
Ya biyo ni har bakin ƙofa,
yana kallon ruwan yana juyawa jajawur,
yana shigewa rariya.
Ya faɗi wata magana, ban tsinci ko kalma ba.

Sabitri mai goge daɓe ta jingine sandarta.
"Wai gonar masararsa ce.
Ya zagaye ta da sassafe ran da zai taho,
ɗansa na ta danna oda a bakin hanya."
Ya ƙara wata. Ta yi dariya.
"Wai rabon takalmin nan da wanki irin haka
tun matarsa na da rai."

Na miƙa masa su fes, suna ɗiga.
Ya karɓa da hannu biyu.
Ƙofar gilashi ta buɗe, ta haɗiye shi,
sawunsa ya bushe kafin na gaba ya iso.

Da na tashi aiki na wanke hannu sau biyu.
Akwai sauran ja a ƙarƙashin farcena.
Ban bayyana wa kowa ba.
Na shiga gari da shi.