Dariyar Aro

A cikin leda aka kawo min littafin,
bangonsa ya sha ruwa, gefensa ya naɗe.
Wasan waƙa ne na Faransa, na raha:
wani mai karɓar haraji da bashi ya yi wa katutu,
da mai wankinsa, wadda ta san cikin kowane aljihu.
Suka ce, Malam, juye mana shi Turanci,
nan da wata uku za mu kai shi Ingila.

Faransancina ɗan Damagaram ne,
a tasha na tsince shi, a aji na wanke shi.
Na zauna da fitila a ɗakina na Gwammaja
ina ƙirga gaɓa da yatsu kamar mai lissafin gado.
Baitin nasu siriri ne, riga ce ta yaro,
Turanci ya cusa kafaɗa, ɗinki ya ɓarke.

A zauren wata makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi muke gwaji.
Bitrus na Sabon Gari ke kaɗa fiyano mai giɓi uku,
in ya zo giɓin sai ya cike da baki.
Tasalla ta tsaya tsakiyar waƙa:
Malam, wannan kalmar ƙaya ce, sauya min.
Na sauya. Na sake sauyawa.

Amma barkwancin fitowa ta biyu ya ƙi tashi.
Ya haye teku ɗaya, na biyun ya kashe shi.
Na karanta musu sau biyar,
mai gadi kaɗai ya yi tari.

Ran nan a Ƙofar Wambai, cikin adaidaita sahu,
wani mai babbar riga ya sauka yana lalube,
yana lalube.
Direban ya kashe inji, ya dube shi sama da ƙasa:
Ranka ya daɗe, riga ta sha sitaci,
aljihu ne dai ke azumi.
Muka tuntsire, har mai rigar.
Na rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.
Da dare na sa shi a bakin mai wanki,
ya zauna daram, kamar don ita aka yanka.

Ban bi su ba. Kujera goma sha ɗaya ce,
ni ne na sha biyu.
Ƙarfe ɗaya na dare Tasalla ta turo hoton bidiyo:
fitilu, labule ja, kawuna masu furfura,
ta faɗi layin,
zauren ya kife.
Washegari wani ya rubuta a can
wai irin wannan kaifin baki sai mutanen Faris.

Tun ranar nake leƙa fuskar direbobi.
Duk rawaya ne, sun fi dubu,
ban riƙe lamba ba, ban tambayi suna ba.
Naira ɗari biyu na ba shi, kuɗin hanya.
Na dariyar yana nan a wuyana.