Ƙarfen da ke Rataye a Darbejiya

Shekara goma sha tara ina riƙe da wannan ƙofa
a Rumde Ajiya, bayan rumfar masu gyaran babura,
inda ranar Garwa ke dafa mutum tun hantsi bai ɗaga ba.
Na san takun kowane yaro kafin in ga fuska,
na san uban da ya biya, da wanda ke kewayawa ta lungu.

Malam Hamajoda ya kafa ta da aji biyu na zana
da ƙarfen tayar tirela da ya rataya a darbejiya.
In ya buga, har masu wanki a bakin Binuwai
sukan ɗaga kai su ce bakwai da rabi ta yi.

Ranar da gwiwa ta ƙi hawa matakalar ofis,
ya miƙa makullai cikin ledar burodi.
Bai yi jawabi ba.
Ya ce da ni, "Sali, a riƙa ba bishiyar ruwa."

Sai ga Madam Asta Wabi daga Ngaundere,
da tabarau, da rasit mai lamba,
da ƙararrawar lantarki mai kukan ɗan akuyar da aka taka.
Ta ce kuɗin zango sefa ne, ba albasa ba.
A teburin mai shayi aka yanke mata hukunci,
a gidan suna aka ƙara mata shekaru.
Inna Dudu ta janye kaskon ƙosai zuwa tsallaken titi.
Ni ma, kada in yi ƙarya,
gaisuwata ta gajarce.

Wata Laraba, tana kakkaɓe durowa, ta tarar da littafi,
bangonsa ya sha maiƙo, ciki hannun tsoho:
"Gidan Bakari, buhun albasa, saura dubu huɗu.
Matar marigayi Yugguda, ɗinkin labule, an yafe sauran.
Ɗan masunci: kifi, kifi, kifi."
A shafin ƙarshe kuma, da jan biro,
albashin malamai shida, wata uku, ba alamar biya.

Ashe shi ya sa Malam Tizi mai lissafi
ke haya da babur bayan isha,
ya zo da safe ido jajir, alli na kuɓuce masa.
Alheri ne, ban musa ba,
amma da aljihun wasu aka yi shi.

Ran Asabar iyaye suka zo da faɗa a baki.
Ba ta kira sunan kowa ba.
Lamba biyu ta rubuta a allo, mai shiga da mai fita,
ta ajiye alli, ta zauna.
Har gudun ƙadangare muka ji a kan kwano.
Bakari ya miƙe, ya ce albasar bana shi zai kai kasuwa.
Matar Yugguda ta ce a ba ta ɗinkin rigunan yara.
Wasu sun fita da tsaki.
Yara biyu ba su dawo ba,
har yau kunnena na neman takunsu.

Litinin aka ɗauke wuta.
Ɗan akuyar bango ya yi gum.
Ta fito, ta dubi agogo, ta dubi darbejiya,
ta ɗauki sandar ƙarfe ta buga a gefe,
sauti ya fito kamar tarin mara lafiya.
Na taso na nuna mata loɓar da tsoho ya bari,
gurbin dukan shekara goma sha tara.
Ta sake.
Tantabaru suka watse daga rufin masallaci.

Inna Dudu ba ta dawo da kasko ba tukuna,
amma ta aiko da ƙosai biyar a takarda.
Da azahar jikan Malam Hamajoda ya zo da saƙo:
wai ya ji daga kan tabarmarsa,
wai a gaya wa Madam
ta makara da minti huɗu.