Zaren Ƙasa

Shekara uku ina kan keken ɗinki a Jekadafari,
ƙafa na takawa, ciki na ƙugi.
Da safe shayi, sukari cokali huɗu.
Da rana taliyar leda, a tsaye, awo a wuya.
Da dare lemon kwalba,
sai in kwanta ina ƙirga ƙusoshin rufi
har ladan ya yi gyaran murya.

Cikina ya zama ganga, ba biki, ba suna.
Kwana uku ban zaga ba.
Yaron shago ya yar da maɓalli ɗaya,
na rufe shi da faɗa kamar ya ƙone kasuwa.
Ran nan na yanka shaddar mutane a karkace,
na zauna riƙe da almakashi,
hawaye na zuba, ban san na mene ne ba.

Goggo Dudu ta zo daga Dukku awon ido.
Idon nan da ba ya gane allura
shi ya gane ni.
"Jalo, me kake ba cikin nan?"
Na lissafa. Ta tafa hannu:
"Akuyata ta fi ka sanin abinci."

Ta kwance ƙullinta a tsakar gida.
Garin kuka, busasshen zogale,
daddawa mai warin da ke riga ta sallama.
Ta aika Tashar Dukku a sayo kindirmo,
ta dama fura, ta hana ni sukari,
ta ce in zauna, in tauna,
tuwo ba ya gudu.

Makon farko wake ya tona mini asiri,
na ce maganin nan ya fi cutar.
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai farka wata Talata
rana ta riga ni fitowa,
ciki shiru, ƙirji sakayau.

Ban ce na warke duka ba.
Malamar asibiti ta ce in damuwa ta dawo
kar in ɓoye, in je mu yi magana.
Kuma in an ɗauke wuta, har yau ina tsaki.

Amma ni tela ne, da na tuna tun farko:
in zaren ƙoshiya ya cukuikuye a ƙasa,
na sama duk kyansa
tsinkewa yake.