Baƙuwa Mai Kwana Biyu

A zauren majalisar garin Rochdale,
hawa na biyu, ranar Talata,
na zauna da rigar aikin dare a jikina,
ko gida ban biya ba.
Kusa da ni Dorin, maƙwabciyata,
shekara saba'in da ɗaya, da ambulan na hotuna a cinya.

Lauyan kamfani ya miƙe, ya gyara tabarau,
ya buɗe kundi mai kaurin bulo.
Ya ce: abin da ke bayan katangarku
ba juji ba ne.
Juji a idon doka wuri ne da shara ke tarewa,
a haƙa mata rami, a binne ta, a manta.
Namu zango ne kawai.
Mota ta sauke, a tantance, mota ta kwashe.
Ba abin da ke wuce kwana biyu a farfajiyar.
Sashe na kaza, sakin layi na kaza.

Wato sharar baƙuwa ce.
A garinmu cewa ake baƙo raɓa ne,
hantsi ya yi, ka neme shi ka rasa.
To wace irin raɓa ce wannan
da ta shekara shida ba ta bushe ba?
Ta Litinin ta tafi, ta Laraba ta haye gadonta,
shimfiɗar ba ta taɓa yin sanyi ba.

Sai aka shiga rabon suna.
Kwalin da ya fito daga kicin ɗina, sharar gari.
Kwalin da ya fito daga shagon kifi na bakin titi,
wannan na kasuwanci ne, babinsa daban.
Tsohuwar katifa, sai an duba wa ya kwanta a kai,
ɗan haya ne ko baƙon otal.
Ɓera dai bai karanta kundin ba.
Duk ɗaya yake ci,
ya biyo ta ƙarƙashin shingen Dorin
ya zo gaishe mu.

Dorin ta baje hotunanta a tebur:
igiyar shanya da ta daina amfani da ita,
tumatirin marigayi mijinta, ƙuda ya yi masa rumfa.
Shugabar zama ta duba, ta yi shiru, ta tausaya,
ta ce hoto hoto ne,
amma yau ma'anar kalma muka zo nema.

Na ɗaga hannu.
Turancina yakan gudu in raina ya ɓaci,
na riƙo shi da ƙyar.
Na ce: na ji shara kwana biyu take yi.
Warin fa, kwana nawa doka ta ba shi?
Don a ɗakin 'yata Nusaiba yake kwana,
ƙirjinta na busa usur har asuba,
ni kuwa ina can ina juya tsofaffin wasu.

Aka ce wari yana da nasa ofishin,
da nasa fom, a hawa na huɗu.

Ba na gaba da masu kwasa.
Duk Alhamis ni ma nakan tura kwandona bakin hanya,
direban, Tadeusz, ya ɗaga mini hannu,
ba na tambayarsa ina za shi da ɓawon doyata.
Na san dole ta sauka a bayan gidan wani.
Abin da ya tsaya mini a wuya,
a sauke ta a bayan nawa
sannan a canza wa tuwo suna.

An ɗage zama sai bayan Kirsimeti.

A bas Dorin ta rufe ido, ta ce kar in tashe ta,
hancinta zai gaya mata in mun iso.
Ya kuwa gaya mata, tun saura tasha ɗaya.

Da yamma Nusaiba ta leƙa ta taga,
ta ce: Umma, me suka ce, juji ne?
Na ce a'a, zango ne, in ji doka.
Rufe tagar.