Ƙofa Biyu a Bayan Akwati

A Garwa, cikin Hausare, ɗakin da Baba ya bari,
akwai baƙin akwati bisa kabad, amfilifaya.
Maɓallan gabansa yatsu sun cinye rubutunsu.
Ni bayansa nake juyowa,
can inda gizo-gizo ya yi gado:
ramuka huɗu, ja da fari, ja da fari,
biyu na fita, biyu na shiga.

Baba Jibo direban tirela ne, Garwa zuwa Mundu.
Ya saye shi sefa dubu arba'in
hannun wani malamin asibiti da aka yi wa canjin gari.
Ya ce, "Sanda, matso da fitila.
Duk abin da akwatin nan ya ji,
ta wannan ƙofa yake tsiyaya zuwa rikoda.
Waccan kuwa ta dawowa ce,
ta nan kaset ke maido amanar da aka ba shi."

Ran da na haɗa su baibai,
na ɗura wa bakin abin da bakin ya furta,
akwatin ya ƙwalla ihu irin na tsohuwar da ta taka wuta.
Awakin maƙwabta suka tsinke igiya,
Goggo Dudu ta ɓarar da kunun gyaɗa,
ni kuwa kunnena ya sha murɗa.

Daga nan gidanmu ya zama mashaya.
Hamajoda tela ya kawo tafsirin bara a kwafa masa,
na Nana Asabe kuma kiɗan sunan jikanta,
kaset guda ya haifi bakwai kafin la'asar.
Ba a biyan ko dala.
Wani ya ajiye goro, wani ya ajiye albarka,
wani ya tafi da murfin kaset ɗinmu, har yau.

Amma abin da ya tsaya min a rai na dare ne.
In rediyo ta kama tashar nesa,
Baba ya murɗe sauti har ƙasa don kada mu farka,
ɗaki ya yi tsit, sai kukan sauro daga Binuwai,
kaset yana ta juyawa.
Na ce, "Baba, shiru kake ɗauka?"
Ya ce, "Ƙofar fita ba ruwanta da maɓallin murya.
Ko ka ƙure shi, ko ka kashe shi,
ita cike take bayarwa."
Shi ma ɗin haka yake.
Kalma biyar ta ishe shi wuni guda.

Bana damina ta ci rufin ɗakin.
Cikin kwalin takalma na tsinci kaset
da rubutun ajami: Kulu.
Na busa ƙura, na zura ja a ja, fari a fari,
sai ga Inna ta ƙofar dawowa,
shekara goma sha ɗaya bayan mun kai ta:
"To, yana ɗauka? Malam, in ka isa,
kanwa tiya biyu, da bandar kifi,
kuma ka daina barci a ƙarƙashin mota."
Sai dariya, sai tari, sai ƙarar kwano,
sai muryar yaro yana neman silifas ɗinsa.
Ni ne.

Wannan kaset ya yi Mundu ya dawo sau nawa?
Zaren ya yi laushi kamar tsohon rawani.

Yau 'yata Ladidi ta kawo kwamfutarta,
muka ja waya daga ƙofar fita.
Jaririnta na barci, na rage sauti har ƙasa.
Ɗaki ya yi tsit.
A fuskar gilashi wani koren zare yana tashi yana sauka,
yana tashi yana sauka,
ta ce, "Baba, ai ba na jin komai."
Na ce, "Bar shi. Tana magana."