Jirgin da Ke Yoyo

Ni mai gyaran jirgi ne a bakin ruwan Yawuri.
In katako ya tsage na san abin yi:
tsumma, ƙaro, guduma, haƙuri.
Amma Kulu, 'yata, shekararta uku,
fatarta ta tsage, na rasa ta inda zan kama.

Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, gindin wuya,
kamar fadamar da ruwa ya janye ya bar wa rana.
Da dare ina jin farcenta, ƙarat-ƙarat,
sai ka ce ɓera ya samu rumbu.
Da safe, ɗigon jini a kan zane.

Gwaggo ta ce dauɗa ce, a dirje ta.
Muka dirje. Soso da sabulu mai ƙamshi,
tana tsala ihu, muna cewa magani ne.
Ashe ƙaron muke kankarewa daga jikin jirgi.

Sista Kande ta juya hannun yarinyar a asibiti,
ta ce, "Kirci ne, ba ƙazanta ba.
Kai naka jirgin, ruwa shiga yake yi.
Ita nata, fita yake yi."

Na sayo man wanka da ladan kwana biyu.
Murfi guda a baho, ruwa ya yi fari kamar tsala.
Kulu ta shiga, ta koma tarwaɗa,
ta suɓuce mini, saura ƙiris haɓarta ta daki ƙarfe.
Na tsaya ina kallon rabin kuɗina
na bin kwata zuwa wurin agwagi.

Da na kai ƙara, Sista ta yi dariya:
"Na cikin ruwa, ruwa ke tafiya da shi.
Na hannu shi ke kwana."

Yanzu ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba soso, ba daɗewa.
Habsatu ta dangwale ta da zane, ba gogewa.
Tun jiki na da sauran laima
sai in narkar da mai a tafin hannu,
hannun nan mai kanta, ɗan gidan guduma,
da ya koyi tafiya a kan sanɗa.

Ba ta warke ba. Wani makon yakan taso,
mu koma ga abin da likita ya rubuta.
Ai jirgi ma ba a liƙe shi sau ɗaya.

Amma jiya na farka tsakar dare
don shirun ya yi yawa.
Na haska ta. Barci take,
yatsu a sake, baki a buɗe,
tana ƙyalli kamar sabon fenti.